Maigida ya ce in ƙaryata, ni kuwa na san laifinmu ne

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa watanta shida ke nan da zama shugabar sashen hulɗa da jama'a a wani kamfanin yogot. Kwana uku da suka wuce wani bidiyo ya fita a TikTok yana nuna robobin kamfanin sun kumbura, wata uwa kuma tana cewa 'ya'yanta biyu sun kwana suna gudawa bayan sun sha. A cikin gida kowa ya san janaretan ɗakin sanyi ya mutu dare biyu, aka kuma yi lodin kayan a haka aka kai kasuwa. Maigidan ya ce ta rubuta sanarwa cewa jabu ne 'yan baƙin ciki suka buga da sunan kamfanin, ta raba wa 'yan jarida na goro, ta kuma ɗauki yaran soshiyal midiya su yi wa matar ca. Tana tambaya yadda za ta ceci sunan kamfanin ba tare da ta yi ƙarya ko ta rasa aikinta ba.

Amsa: Ƙanwata, kada ki rubuta wannan sanarwar. Ba zan yi miki wa'azi kan ƙarya ba, na san kin san hukuncinta, shi ya sa ma kika kasa barci kika rubuto. Lissafi zan yi miki. Zauna ki ƙirga mutanen da suka san janaretan nan ya mutu: mai kula da shi, makanikin da aka kira, maigadin dare, mai kula da sito, 'yan lodi, direbobin da suka ji kayan ba sanyi da suka ɗauka. Kowannensu yana da waya, yana da mata ko aboki, kuma ba za a rasa wanda kamfanin ya taɓa ɓata wa rai kan albashi ko hutu a cikinsu ba. Ran da ɗaya ya tura saƙon murya a wani zauren WhatsApp, an daina maganar yogot da ya lalace, an koma maganar kamfanin da ya shayar da yara guba sannan ya yi wa uwarsu ƙazafi. Na farkon ana warkewa daga shi. Na biyun da wuya.

Na san haka domin na taɓa rubuta irin takardar da ake so ki rubuta. Shekarun baya ina aiki da wani kamfanin sufuri, motarmu ta yi hatsari a hanya, mutane suka rasu. Da daddare aka tara mu a ofishin maigida, shi yana zagaye da waya biyu a hannu, lauya yana gefe yana ta cewa kada a amsa komai. Aka ce in rubuta cewa wata tirela ce ta shigo hannun direbanmu. Na ji ƙishin-ƙishin a gareji cewa tayoyin motar sun suɗe, amma ban tambaya ba, saboda na san in na tambaya za a ba ni amsar da za ta hana ni rubutu. Na rubuta, na yi masa ado da addu'o'i, aka buga. Ba a yi mako biyu ba takardar da makanike ya cike yana neman a sauya tayoyin ta fita, da kwanan wata da sa hannun wanda ya ce a dakata. Abin da ban manta ba shi ne wata dattijuwa da ta zo ofishinmu, mahaifiyar ɗaya daga cikin mamatan. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da guntun jaridar da aka yanko mata, ta shimfiɗa a kan teburina ta ce, "Ɗan nan, an ce kai ka rubuta. Karanta min, ni ban iya boko ba." Na karanta mata kalmomina da bakina. Har yau in na zauna rubuta sanarwa ita nake gani.

To bari mu zo kan abin da aka ɗauke ki aiki ki yi, domin a nan ne ke da maigidanki kuka sha bamban. Yawancin masu kamfanoni a wajenmu suna ɗaukar jami'in hulɗa da jama'a kamar sanƙira, a yi abu a ɗaki, a kira shi ya fita ya yi shela da kirari. Amma rabin aikin, rabin da ya fi nauyi, cikin gida yake fuskanta. Ke ce mai kawo wa maigida muryar mutanen da ba za su taɓa shiga ofishinsa ba, tun kafin ya yanke shawara. A fada ma akwai mai kirari, akwai kuma wanda in fada ta watse yake tsayawa ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ake faɗa a gari daban ne." Kujerar na biyun kike kai, ko da takardar ɗaukar aikinki ba ta faɗi haka ba. Sana'ar ma da haka ta soma tsayuwa da ƙafafunta. A 1906, da jirgin ƙasa ya yi mummunan hatsari a Atlantic City ta Amurka, wani jami'in hulɗa da jama'a mai suna Ivy Lee ya shawo kan kamfanin jirgin, Pennsylvania Railroad, ya fitar da bayanin abin da ya faru da kansa, ya kuma kai 'yan jarida wurin, a zamanin da al'adar kamfanoni ita ce a rufe ƙofa a yi gum. Gardamar da Lee ya fara ci da shugabannin kamfanin ya yi ta, kafin ya ce wa ɗan jarida ko uffan.

Sanarwar farko ita ce take bin kamfani har abada, kuma akwai misalan da ya kamata ki riƙe a ka, domin za su yi miki amfani gaban maigida. A ranar 9 ga Afrilu, 2017, jami'an tsaro suka ja wani likita, David Dao, a ƙasa daga cikin jirgin United Airlines a Chicago, fuskarsa jina-jina, don a samar wa ma'aikatan kamfanin kujeru. Fasinjoji suka ɗauka da waya, duniya ta gani. Shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fito da sanarwar da ta ba da haƙuri kan cewa an sauya wa wasu fasinjoji jirgi, kamar ba mutum aka ja a ƙasa ba, sannan ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa yana ɗora laifin a kan likitan. Wasiƙar ta fita, kamar yadda irinta kan fita. Sai a rana ta biyu bayan faruwar abin ya ba da haƙuri na gaske, lokacin kuwa magana ta riga ta zama zarar bunu. Abin dariyar shi ne, wata guda kafin nan mujallar masu sana'armu ta PRWeek ta ba shi lambar gwanin sadarwa na shekara. Haka Tony Hayward, shugaban kamfanin mai na BP, a 2010. Rijiyar mai ta fashe a tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana kwarara, shi kuwa ya tsaya gaban kyamara ya ce yana so ya koma rayuwarsa ta da, daga baya kuma aka gan shi wajen tseren jiragen ruwa a Ingila. Kafin shekarar ta ƙare an sauke shi. Dukkansu biyun suna da ƙwararrun marubuta da kuɗin talla da ba za mu iya ƙirgawa ba. Abin da suka rasa a daren farko shi ne wanda zai ce musu, "Yallaɓai, dubi bidiyon nan da idon ɗan'uwan mutumin."

Kowa a sana'armu yana kawo labarin Tylenol, wani maganin ciwon kai, ni ma zan kawo, amma da gyara. A ƙarshen Satumba 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha ƙwayar Tylenol da wani ya zuba wa guba mai suna sayanaid. Kamfanin Johnson & Johnson, ƙarƙashin James Burke, ya gargaɗi mutane su daina sha, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwannin Amurka baki ɗaya, asarar da ta kai kimanin dala miliyan 100, sannan ya dawo da maganin cikin kwalba mai hatimi uku. Cikin kusan shekara guda ya maido da mafi yawan kasuwarsa. Gyaran shi ne: su ba su da laifi, wani ne daga waje ya cuce su, don haka tausayin jama'a yana tare da su tun farko. Ku kuwa laifin naku ne, hanyarku ta fi tasu tudu. Abin ɗauka a labarin shi ne tsarin da suka bi. Sun fara gargaɗin mutane da kwashe maganin daga kanti, gyaran suna ya biyo baya. Kuma ba a daren aka ƙirƙiro wannan hali ba. Kamfanin yana da rubutacciyar aƙida tun 1943 da ta sa masu amfani da kayansa a gaba da masu hannun jari, Burke kuma ya sha tara manajoji su yi muhawara a kanta shekaru kafin masifar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga yadda za ki shiga wajen maigida. Kada ki yi masa gardama a gaban manajoji. Babban mutum a wajenmu in ka ƙure shi a gaban yaransa, ko ya ga gaskiyarka ba zai sauko ba, don saukowar ta zama faɗuwa. Nemi minti goma ke da shi kaɗai, ko da wanda kika san yana jin maganarsa, akanta ne ko wani dattijo cikin masu hannun jari. Kada ki buɗe da "bai dace ba". Ɗan kasuwa ne, yi masa maganar kasuwa. Shiga da takarda ɗaya mai gida biyu. Gida na farko: kuɗin kayan da aka yi a dararen nan biyu, kuɗin motar kwaso su, kuɗin maganin yaran, kuɗin gyaran janareta ko sayen na ko-ta-kwana. Akanta zai ba ki waɗannan cikin awa guda. Gida na biyu: abin da zai faru in aka ce jabu ne sannan hukumar NAFDAC ta ɗauki samfuri ta duba lambar rukunin da ke jikin robar ta ga daga injinku ta fito. A nan ana maganar rufe masana'anta, da dillalai su dawo da kaya, da makarantu da kantuna su soke oda, da sunansa shi kansa a bakin mutane a masallacin unguwarsu. Ki tuna masa cewa cewa "jabu ne" ma gayyatar bincike ce, domin duk wanda ya ce ana buga jabun kayansa, tambaya ta gaba ita ce ya kai ƙara ina, kuma wa aka kama.

Sannan ki ba shi mafita da zai fita da girmansa. Mutane da yawa da suke cewa a ƙaryata tsoro ne yake cin su, ba mugunta ba, ba su ga wata ƙofa ba ce. Nuna masa cewa shi ne zai zama mai kamfanin da ya kwashe kayansa da kansa kafin a tilasta masa. Bar masa ladan shawarar. In ya fita gobe yana cewa shi ya yanke a janye kaya, ki ce haka ne, ranka ya daɗe. Wannan ma cikin aikin yake.

Lauya zai ce kada a amsa laifi. Aikinsa yake yi, yana hango kotu, ke kuma kina hango kasuwa, kuma kamfani yana iya cin shari'a ya dawo ya tarar ba mai sayen kayansa. Ku zauna tare ku tace kalmomin. Ana iya faɗin abin da ya faru da abin da ake yi a kai ba tare da an yanke wa kai hukuncin diyya a takarda ba.

In ya amince, kada ki fara da taron manema labarai. A tsayar da lodi. A fitar da lambobin rukunin da abin ya shafa. A kira dillalai ɗaya bayan ɗaya, da murya, a ce su ware kayan, kamfani zai musanya ko ya biya, domin dillalin da ya ji labari a rediyo kafin ya ji daga bakinku ya zama abokin gaba, kuma shi ne yake tsaye gaban mai saye kullum. A sanar da NAFDAC kafin ta zo da kanta. A tara ma'aikata a gaya musu gaskiya, su ma suna da maƙwabta masu tambayarsu. Sannan a je gidan matar nan. Ki je da kanki, tare da wata babbar mace daga kamfanin, ba kyamara, ba takardar da za a ce ta sa hannu, ba sharaɗin ta goge bidiyo. A duba yaran, a ɗauki nauyin asibiti, a ba ta haƙuri. In ta ga dama ta faɗa wa duniya kun zo, wannan ya fi duk tallan da za ku saya. In ba ta faɗa ba, kun dai sauke hakki.

Bayan haka sai sanarwa, gajera, da Hausar da mai shago zai gane, a kuma karanta ta a rediyo da murya, domin masu shan yogot ɗinku da yawa ba a takarda za su gamu da ita ba. Wani abu kamar haka ya isa: na'urar sanyinmu ta samu matsala a ranaku kaza da kaza, kayan da ke ɗauke da lamba kaza sun fita ba tare da sanyin da ya kamata ba, kada a sha, a mayar inda aka saya a karɓi kuɗi, wanda ya sha ya ji ba daidai ba ya kira lamba kaza, mun yi kuskure kuma muna ba da haƙuri. A tabbata akwai mai ɗaga wayar. Na ga kamfanin da ya buga lamba a sanarwa, wayar kuwa tana cikin aljihun tebur a kashe. Ki guji "idan akwai wanda ransa ya ɓaci", ki guji "tsautsayi" in sakaci ne. Mun yarda da ƙaddara, amma mutane sun san bambancin ƙaddara da janaretan da aka ƙi gyarawa, kuma suna jin zafi in aka fake da addini aka rufe musu baki.

Batun na goro da yaran soshiyal midiya kuwa, ba zan yi kamar ban san yadda garin yake ba. Ana ba da kuɗin mota a taron manema labarai, kowa ya sani. Amma kuɗin da aka bayar don a binne labari bashi ne mai ruwa. Wanda ya karɓa yau ya san kuna da abin ɓoyewa, zai dawo, kuma zai gaya wa abokinsa. Ga shi ma ba a jarida labarinku yake ba, a wayoyin mutane yake, wa za ki ba ambulan a can? Su kuma sojojin baka na intanet, ba ki da linzaminsu. Za ki ce su kare kamfani, su je su zagi uwar yara marasa lafiya, su tono aurenta da danginta, gobe ɗaya ya yi fushi kan ragowar kuɗinsa ya wallafa hoton hirarku. Ko manya sun faɗa wannan rami. Bell Pottinger ya kasance cikin manyan kamfanonin hulɗa da jama'a na Landan, wanda ya kafa shi, Tim Bell, shi ne ya riƙa ba tsohuwar firayim ministar Birtaniya Margaret Thatcher shawara kan kamfe. Suka karɓi aikin iyalan Gupta, wasu attajirai a Afirka ta Kudu, suka gudanar da kamfen da ya rura wutar gaba tsakanin baƙaƙe da farare don a kawar da hankali daga zargin da ake yi wa masu ba su aiki. Asiri ya tonu, ƙungiyar masu sana'ar ta Birtaniya ta kore su a Satumba 2017, kwastomomi suka watse, cikin watan kamfanin ya durƙushe. Masu gyara sunan wasu ne suka kasa ceton nasu.

Akwai kuma abin da ya shafi inda kike aiki. Mutanenmu suna da haƙuri, amma ba su da mantuwa kan abin da ya taɓa 'ya'yansu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kawowa hujja, alhali maganin daban, masu kawo shi daban. Sai a Yuli 2004 aka ci gaba, kuma abin da ya taimaka daga baya shi ne shigowar sarakuna da malamai da masu unguwanni, mutanen da ake gani kullum, waɗanda in sun yi ƙarya an san ƙofar gidansu. Sai a 2020 aka tabbatar an rabu da nau'in cutar na asali a Najeriya. Darasin da na ɗauka a nan shi ne in yarda ta karye, ba mai ita kaɗai take cuta ba, kuma ba a ɗinke ta da allon talla. Don haka in ƙura ta lafa, ki gayyaci dillalanku da mai unguwar da masana'antar take da 'yan jarida biyu uku su shiga ɗakin sanyin su ga sabon janareta da ma'aunin sanyi da littafin da ake rubuta shi duk awa. Su za su faɗa, a yarda.

Saura tambayar da kika fi tsoro: in ya ƙi fa? Ba zan ce miki ba za ki rasa aikin ba, ana rasawa. Rubuta masa shawararki a takarda, cikin ladabi, da kwanan wata, ki ajiye kwafi. Ki ce masa kai tsaye ba za ki sa sunanki a sanarwar jabu ba, amma a shirye kike ki yi duk sauran aikin. Kuma ki sani akwai layin da ya wuce batun suna: muddin kayan da zai iya cutar da yara yana kan kanta, maganar ta zama ta lafiyar mutane, shiru a kanta ba amana ba ce. Sana'ar nan tana da cibiya, NIPR, da aka kafa a 1963, dokar 1990 kuma ta ba ta ikon yi wa masu aikin rajista da ladabtar da su. In ke mamba ce, nemi wani babba a reshen jiharku ki yi shawara da shi, ba sai kin ambaci sunan kamfani ba. Ki kuma tuna jarin mai wannan aiki ɗaya ne, wato in ya kira edita ya ce "ga abin da ya faru", editan ya yarda ba tare da ya sake bincike ba. Kamfani zai iya sauya suna da kalar roba ya dawo kasuwa. Ke da sunan nan za ki nemi aiki na gaba. Ni bayan waccan takarda ta tirela, akwai editan da ya yi shekaru in na aika masa sanarwa sai ya kira wani ya tabbatar, kuma ban ga laifinsa ba.

In kuwa Allah ya sa maigida ya saurare ki aka wuce wannan, kada ki karɓi yabo kawai ki koma ofis. Lokacin ne za ki nemi abu biyu, tun abin yana da zafi a ransa. Na farko, kujera a taron manajoji na mako, inda ake yanke shawarar a yi lodi ko kada a yi, domin da kina ɗakin a daren da janaretan ya mutu, da wataƙila ba mu yi wannan doguwar magana ba. Na biyu, izinin duk wanda ya ga matsala a masana'anta ya kira ki kai tsaye ba tare da an hukunta shi ba. Ki sauka ƙasa ki karɓi lambar mai kula da ɗakin sanyi da ta shugaban direbobi, ki ba su taki, ki ce ko ƙarfe biyun dare ne su kira.